Giyar Sassafe A Ingila: Wa Ya Kamata Ya Ji Kunya?

Ku 'yan makaranta, yau muna da magana da ku a kan wata al'ada ta mutanen Ingila. Ba don mu ci mutuncinsu za mu yi ta ba, sai don in gemun maƙwabci ya kama wuta, mai hankali ruwa yake shafa wa nasa. Da yawa daga cikinku, in Allah ya ja kwana, za ku tafi can neman ilmi ko aikin asibiti. Waɗanda ba su tafi ba kuwa, Ingila za ta zo ta iske su har ɗaka ta cikin wayar hannu. Gara ku ji labarin tun idonku bai gani ba.

Ga abin da ke faruwa. In mutum ya je babban filin jirgin sama na Landan da asuba, ya wuce wurin da ake binciken kaya, zai tarar da gidan giya a buɗe, cike da mutane. Ga samari da za su yawon shaƙatawa, ga magidanta da matansu, kowa da babban kofin giya a gabansa, alhali gari bai gama wayewa ba. Suna sha suna dariya, suna ɗaukar hoton kofin suna aika wa abokai. In ka tambaye su, sai su ce ai filin jirgi ba shi da agogo, ko su ce ai a wani gari yanzu yamma ta yi.

To, bar filin jirgin ka shiga gari. Da ƙarfe 9 na safe, a babban titin kasuwa, za ka ga wani gidan giyar ya buɗe ƙofa. A can ƙurya ga wani tsoho shi kaɗai, da tsohuwar kwat, ya riƙe kofi da hannu biyu. Masu wucewa za su aiki suna leƙensa ta gilashin taga, wannan ya taɓe baki, wancan ya girgiza kai. Wasu ma su ɗauki hotonsa a ɓoye, su sa a intanet don a yi masa dariya, a ce dubi lalatacce.

Giyar da ke cikin kofin matafiyi ita ce a kofin tsohon nan. Safiya ɗaya ce, hanta iri ɗaya ce. Amma ɗaya ana yi masa tafi, ɗaya ana yi masa tir. Me ya raba su? Aljihu. Mai kuɗin jirgi in ya sha da asuba an ce nishaɗi ne, talaka in ya sha da hantsi an ce lalacewa ce. Mu abin da muke cewa shi ne, duka hukuncin biyu kuskure ne. Tafin da ake yi wa na farko wauta ce, tir ɗin da ake yi wa na biyu kuwa zalunci ne. Kunyar shan giya da safe shinge ce mai kyau, bai kamata a rushe ta ba. Amma wanda ya fi cancanta ya ji ta, shi ne wanda ya buɗe ƙofa yana karɓar kuɗi, da wanda ya ba shi izinin buɗewa, da wanda ya mai da abin wasa.

Mun san wani zai ce, "Ina ruwanmu da lokaci? Giya ai haramun ce ko da safe ko da dare." Gaskiya ne, ga Musulmi babu sa'ar da ta halatta, kuma Kiristoci da yawa ma ba sa kusantarta. Amma ko a wurin al'ummar da ba ta haramta ta ba, an daɗe ana ware safiya daban. 'Yan makarantar Mishan sun san cewa a littafin Ishaya, sura ta 5, an yi kashedi mai zafi ga masu sammako don neman abin maye. A Ayyukan Manzanni kuma, sura ta 2, da aka zargi almajirai da buguwa, hujjar da Bitrus ya kawo ita ce lokacin bai wuce ƙarfe 9 na safe ba, watau ko masu zargin sun yarda ba a buguwa a wannan sa'a. Ashe tun da daɗewa 'yan Adam suka gane cewa safiya ta aiki ce da ibada. Abin da muke so ku duba shi ne yadda al'umma takan gina irin wannan shinge, da yadda takan rushe shi da hannunta.

Kada ku zaci shan giyar safe sabon abu ne a Ingila. A shekara ta 1830 Majalisarsu ta yi doka cewa duk magidancin da ya biya fam biyu da sule biyu yana iya mai da gidansa wurin sayar da giya. Nufinsu wai a janye mutane daga barasa mai ƙarfi zuwa giya mai sauƙi. Kafin shekarar ta ƙare an buɗe irin waɗannan gidaje fiye da 24,000. Abin ya bi jikin jama'a, har ya zamana kafin Yaƙin Duniya na Farko gidajen giya na Landan suna buɗewa tun ƙarfe 5 na asuba, ba sa rufewa sai sha biyu da rabi na dare. Ku lissafa, awa 19 da rabi ke nan a ranakun aiki. Lebura yana fitowa daga gida zai tafi aiki, ƙofar giya ce farkon ƙofar da zai gani a buɗe.

Da yaƙi ya tashi a 1914, sai Gwamnati ta ga abin da ta daɗe tana rufe ido a kansa. Ana bukatar jiragen ruwa da harsashi, ma'aikata kuwa wasu suna zuwa aiki a buge, wasu ba sa zuwa sam. A 1915 Loyid Joj, wanda a lokacin shi ne ministan kuɗi, daga baya ya zama Firayim Minista, ya faɗa a fili cewa abokan gaba uku suke yaƙi da su, Jamus da Ostiriya da giya, kuma a ganinsa giya ce mafi muni. Sarki Joji na Biyar da kansa ya yi alkawarin ba za a sha giya a gidansa ba sai yaƙi ya ƙare. Aka kafa hukuma ta musamman, ta rage lokacin sayar da giya a yawancin ƙasar ya koma awa 5 da rabi kacal, kaɗan da tsakar rana, kaɗan da maraice. Safiya aka rufe ta gaba ɗaya. Har hana mutum aka yi ya saya wa abokinsa. A garin Kalayil ma, kusa da wata babbar masana'antar albarushi, Gwamnati ta saye gidajen giya da wuraren dafa ta a 1916, ta riƙe su da kanta har zuwa farkon shekarun 1970.

Me ya biyo baya? A 1914 mutanen da kotu ta hukunta saboda buguwa a Ingila da Wels sun haura 180,000. A 1918 ba su kai 30,000 ba. Ba mu ce rufe safiya ne kaɗai ya jawo wannan ba. An rage ƙarfin giyar, an ƙara mata haraji, samari da yawa kuma suna bakin daga. Amma su kansu mutanen Ingila sun ga amfanin abin, domin da yaƙi ya ƙare ba su koma gidan jiya ba. A 1921 suka yi dokar da ta tabbatar cewa ba a fara sayar da giya sai ƙarfe 11 na safe. Wannan ƙa'ida ta zauna shekaru fiye da tamanin, har yara suka tashi suna ganin gidan giya a rufe da safe kamar haka Allah ya halicce shi. Doka ta haifi al'ada, al'ada ta haifi kunya.

Sa'an nan aka shiga warware shingen, kara ɗaya bayan ɗaya. A 1988 aka yarda gidajen giya su yini a buɗe daga ƙarfe 11 na safe zuwa 11 na dare, ban da Lahadi. A 1995 aka sassauta na Lahadi ma. A 2003 aka yi sabuwar doka, ta fara aiki a watan Nuwamba na 2005, wadda ta kawar da ƙayyadadden lokaci, ta ce kowane mai gida ya nemi sa'o'in da yake so wurin hukumar gari, ko da dare da rana ne. Ta wannan ƙofa giyar safe ta dawo titi. Babban kamfanin nan Wetherspoon, wanda aka kafa a 1979, mai gidaje ɗaruruwa a ƙasar, da yawa daga gidajensa suna buɗewa ƙarfe 8 don karin kumallo, su fara zuba giya ƙarfe 9. Filayen jirgin sama kuwa, manyan na Ingila da Wels, can ciki bayan wurin bincike, dokar ma ba ta hau kansu ba ko kaɗan. Shi ya sa ba su da agogo.

Yanzu bari mu bar Majalisa mu shiga cikin jikin mutum, don a nan ne gardama take ƙarewa. Ku da kuke koyon ilmin lafiya a aji, ku riƙe wannan. Giya ba ta jiran narkewa kamar tuwo. In ciki da abinci, takan daɗe a tumbi kafin ta wuce, ta riƙa shiga jini a hankali. In ciki wayam yake, kamar yadda yakan zama da safe, sai ta zarce cikin ƙaramin hanji, ta shige jini da sauri, ta hau kai. Hanta ce ke aikin kawar da ita, ita kuwa hanta ba a sa ta gaggawa. Likitocin Ingila suna da ma'auni, kowane ɗaya mililita 10 ne na tsantsar sinadarin maye, hanta kuwa kimanin ma'auni ɗaya take iya ƙonewa a awa guda. Babban kofin giyarsu, wanda ya ɗara rabin lita kaɗan, yana ɗauke da ma'auni biyu zuwa uku. Saboda haka wanda ya sha kofi biyu da ƙarfe 9, har azahar da sauranta a jininsa. Sa'o'in da mutum ya fi ƙarfi da wayo, waɗanda ake noma da karatu da ciniki a cikinsu, su ya sayar. Da sanyin safiya ake kama fara, shi kuwa ya ba da safiyarsa a bakin kwabo.

Wannan ƙaramin abu ne a kan na biyu. Mutumin da ya daɗe yana sha kullum, ƙwaƙwalwarsa takan saba da nauyin giya, ta ƙara wa kanta ƙaimi don ta iya aiki a ƙarƙashinsa, kamar jakin da ya saba jan kaya. In ya kwanta barci, hanta tana ta aikinta, kafin asuba giyar ta ragu a jini. Sai ƙwaƙwalwa ta zama kamar jakin da aka sauke wa kaya farat ɗaya yana cikin ja. Mutum ya farka hannu na rawa, gumi na zuba, zuciya na tashi, ga fargaba ba dalili. Abin da ke kwantar masa da wannan nan take shi ne wani kofin. Turawa suna kiran wannan kofi gashin kare, don a da sun camfa cewa gashin karen da ya ciji mutum shi ne maganin cizon. Ba magani ba ne, bashi ne ake biya da bashi. Shi ya sa kuka ga tsohon nan ya riƙe kofinsa da hannu biyu.

Likitoci sun san wannan alama sarai. Wani likitan Amurka, Jon Yuwin, ya tsara tambayoyi huɗu da ake yi wa marar lafiya don a gane ko giya ta kama shi, ta huɗun ita ce ko ya taɓa bukatar sha da farkawarsa don jikinsa ya daidaita. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da nata tambayoyi goma, ta shida a cikinsu kan shan safe take. Watau abin da ake yi wa dariya a filin jirgi, shi ne likita yake rubutawa a takarda da jan alƙalami. Kuma ku sani, wanda giya ta kama har haka, in ya bari farat ɗaya ba tare da likita ba, yana iya faɗuwa da farfaɗiya, ko ya shiga sambatu, har ya mutu. Ashe wanda ake leƙe ta taga ana taɓe baki, sau da yawa marar lafiya ne. Wa ya taɓa ganin an warkar da majinyaci da dariya?

Masu kare giyar safe suna da hujjoji, kuma ba za mu ɓoye muku su ba, don ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Hujja ta farko, suna cewa akwai masu aikin dare, ma'aikatan asibiti da masu gadi da masu gasa burodi, waɗanda safiyar mutane ita ce maraicensu. Wannan gaskiya ne. Amma tsohuwar dokar ba ta mance da su ba. Gidajen giyar da ke kewaye da manyan kasuwannin dare na Landan, kamar kasuwar nama ta Simitfil, an ba su izini na musamman su buɗe da sassafe saboda mahauta da 'yan dako. An yi wa shinge 'yar ƙofa don mai bukata, ba a tuge shingen ba. Kuma a gaya mana, samarin nan da ke cika filin jirgi da asuba, wane aikin dare suka tashi daga gare shi?

Hujja ta biyu, suna cewa mutum baligi ne, kuɗinsa ne, cikinsa ne, ina ruwan wani? Da a ce abin a cikinsa yake tsayawa, da mun yi shiru. Amma a 2017 gidan BBC ya binciko cewa cikin shekara guda an kama mutum 387 a filayen jirgi da cikin jiragen Birtaniya bisa zargin buguwa, alhali a shekarar da ta gabace ta 255 ne. Ma'aikatan jirgi, yawancinsu mata, su ke shan zagi da cin mutunci a sararin sama, inda ba wurin gudu. A shekarar nan kamfanin jiragen Ryanair ya nemi a hana sayar da giya a filin jirgi kafin ƙarfe 10 na safe, kuma kada a ba mutum fiye da kofi biyu. Gwamnati ta buɗe sauraron ra'ayin jama'a a 2018, daga ƙarshe a 2021 ta bar abin yadda yake. Ban da wannan, wane 'yanci ne ga mutumin da hannunsa ke rawa? Wanda ba ya iya fara yini sai da kofi, ba shi ke zaɓa ba, an riga an zaɓa masa.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi, ku saurare ta da kyau. Suna cewa tsohon nan ba giya ce ta kawo shi ba, kaɗaici ne. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse, ɗakinsa sanyi, kuɗin ɗumama shi tsada, a gidan giya kuwa akwai ɗumi da kujera da muryar mutane. Wannan ma gaskiya ne, kuma abin tausayi ne. Kaɗaici ya yi yawa a ƙasar har a 2018 Gwamnati ta ɗora wa wata minista aikin kula da shi. Amma wannan hujja a kan wa ta faɗa? Mutum ya zo neman wanda zai gaishe shi, aka ce sai ya sayi abin da zai cinye masa hanta tukuna. Mai ƙishirwa ne aka sayar wa ruwan kanwa. In gari ya rasa inda tsoho zai zauna da hantsi sai gidan giya, garin ne ya kamata ya sunkuyar da kai.

Hujja ta huɗu, suna cewa da aka saki doka a 2005 an yi ta kururuwa cewa ƙasa za ta nutse cikin giya, ga shi ba ta nutse ba, gidajen da suka nemi buɗewa dare da rana kaɗan ne, yawan giyar da ake sha ma raguwa ya yi, samari da yawa kuma sun juya mata baya. Mun yarda. Amma lissafin jimla yakan ɓoye gawa. In mutum goma sun rage sha, ɗaya ya ninka nasa, jimla ta ragu, amma ɗayan nan kabari ya nufa. Ofishin ƙididdiga na ƙasar ya ce a 2019 mutum 7,565 suka mutu a Birtaniya da cututtukan da giya ce kaɗai sanadinsu. A 2023 sun kai 10,473, kusan kashi uku cikin huɗu da ciwon hanta. Ba mu ce buɗe ƙofa da safe ne ya kashe su duka ba, dalilai suna da yawa. Abin da muke cewa, mai shan kofi ɗaya da maraice bai taɓa bukatar a buɗe masa da safe ba. Wanda ƙofar safe ta fi yi wa hidima shi ne wanda ya fi kusa da ramin. Kuma mutuwar ba ta raba daidai, a Sikotilan masu mutuwa da giya a unguwannin talakawa sun ninka na unguwannin masu hali fiye da sau huɗu. Mai kuɗi ya yi wasa da wuta ya ɗauki hoto, talaka ya ƙone.

To, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Mai gidan giya ba jahili ba ne. Ya biya haya, ya biya wuta, kujerunsa suna zaune banza da safe, kowane kofin da ya sayar kafin tsakar rana riba ce a kan riba. Masu filin jirgi suna samun rabonsu daga cinikin shagunan da ke ciki, Gwamnati kuma tana da harajinta a kan kowace kwalba. Duk waɗannan suna ci daga safiyar tsohon nan, amma ba wanda yake leƙensu ta taga. Masu raha da kofin asuba kuwa su ne 'yan talla na kyauta, domin duk lokacin da aka yi dariya a kan abu, an cire masa ƙaya ɗaya. Yaron da ya tashi yana ganin ubansa yana ɗaga kofi da asuba ana tafi, me zai hana shi ɗauka cewa haka manya suke yi?

Wannan ma'auni biyu, ɗaya na babba ɗaya na ƙarami, mu ma mun taɓa ɗanɗana shi. A taron Burasal na 1890 ƙasashen Turai suka amince a hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba ta riga ta yaɗu ba, Nijeriya ta Arewa tana ciki. A zamanin mulkin Turawa an hana sayar wa ɗan ƙasa barasa a Arewa, amma Bature yana da izinin shigo da tasa. A Kudu kuwa, inda ba a hana ba, akwai shekarun da harajin barasa ya kai rabin kuɗin da Gwamnati take samu, kafin 1914. Hanin ya yi wa Arewa amfani, ba mu musa ba. Amma darasin a fili yake, masu iko sukan duba wanda ke sha da abin da za su samu, kafin su duba abin da ake sha.

Kada kuma mu taka laifinmu mu hango na wani. Wanda ya yi sammako ya je tashar mota a manyan garuruwan ƙasarmu ya san akwai inda ake sayar da barasa a 'yar leda, da jiƙe-jiƙen da ake cewa maganin basir ne ko na sanyi, alhali barasa ce a ciki, kuma akwai direban da ke kurɓa kafin ya ɗauki fasinja. A 2024 hukumar NAFDAC ta ba da sanarwar hana barasar leda da ta ƙananan kwalabe, masu yin ta suka tashi da ƙara cewa za a kashe musu sana'a. Ga irin gardamar Ingila ta iso ƙofar gidanmu, riba a hannu ɗaya, ran mutane a ɗaya hannun. A inda ake jin kunyar kwalba kuma, wasu samari sun koma ƙwaya da maganin tari, suna karya kumallo da su, suna ganin tun da ba giya ba ce ba laifi. Suna kawai aka sake, safiyar da ake sayarwa ita ce dai.

Saboda haka ga abin da muke roƙonku. Na ɗaya, kada ku yarda wani ya sa ku ji kunyar kunyarku. In kun je ƙasar mutane, aka miƙo muku kofi aka ce haka wayayyu suke yi, ku tuna cewa kakannin masu miƙo muku su suka rufe wannan ƙofa a 1915 da suka ga uwar bari. Ku ɗauko ilminsu na likita da injiniya da riƙon alkawari, ku bar musu abin da likitocinsu suke kuka da shi. Na biyu, in kun ga wanda abin ya kama, a can ko a nan, kada ku yi masa dariya, kada ku ɗauki hotonsa. Ku gaishe shi da sunansa, in da hali ku raka shi asibiti. Na uku, watan wata rana cikinku za a sami alƙalai da likitoci da 'yan majalisa da masu ba da lasin. Ran da mai kuɗi ya zo gabanku yana cewa a sassauta masa sa'a ɗaya kawai, ba kome, ku tuna cewa shingen Ingila ma ba rana ɗaya aka tuge shi ba, daga 1988 zuwa 2005 aka yi ta zare shi kara-kara. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Iyayenmu sukan tambayi mutum da safe, "Ina kwana? An tashi lafiya?" Wanda ya tashi da hankalinsa, hannunsa ba ya rawa, yana iya amsawa da gaskiya. Allah ya sa mu da ku kullum mu iya amsa wannan gaisuwa ba da ƙarya ba, ya ba waɗanda abin ya kama lafiya, ya shiryi masu cin riba da su. Amin.